Askirim a Garin Sanyi

A Jos, inda ruwan randa ke cizon haƙori,
ni ce mai shan askirim cikin rigar sanyi biyu.

Na Baba Gyang a Taminus, ƙanƙara ta fi madara,
amma in na gaishe shi da Birom
sai ya ƙara mini rabin cokali,
to da wane baki zan kushe shi?
Na Rayfil mai kwakwa, kuɗin mudun acca biyu.
Sau ɗaya na je.
Har yau harshena bai yafe wa aljihuna ba.

Ranar albashi Barira ta ja ni wurin Ba'indiyen nan
mai taliyar Sin.
Ya kawo wani abu ja wur kamar tsire,
na rantse nama ne.
Ashe farin kabeji ne, na Farin Gada!
Barkonon ya tuna mini duk wanda na taɓa saɓa wa.

Muka fito cikin yayyafi, hanci na zuba.
"Sai gida?" in ji Barira.
Wane gida?
Baba Gyang bai rufe ba tukuna.