Gishirin Gabiya

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba, Kaunas ba ta farka ba,
daga ni sai gurnanin firji a hawa na shida.
Na murɗa kan gas, na ƙyasta ashana,
shuɗin harshe ya miƙe kamar kyanwa mai hamma.
Barka da tashi, Gabiya, uwar murhu.
Ɗan gishiri tsakanin yatsu biyu na barbaɗa mata,
ta yi tartsatsi rawaya, ta karɓa.
Sannan na ɗora butar shayi.

Kakata, can ƙauye a gaɓar kogin Nemunas,
murhunta na yumɓu ya cinye rabin ɗaki.
Da dare takan lulluɓe garwashi da toka
kamar mai ja wa jinjiri bargo,
ta ajiye kwanon ruwa mai tsabta a gefe
ko wutar za ta so yin wanka.
Ran Lahadi ta ɗaura kallabi ta tafi coci,
ba ta taɓa jin biyun sun yi cacar baki ba.
Murhun ya rushe tare da gidan.
Kwanon na gada, da tsagar da ke leɓensa.

Ɗana Eimantas, shekara sha huɗu, baki ya buɗe:
"Mama, ta bututu fa take zuwa, daga kamfani,
ke da kanki kike biyan kuɗin a ƙarshen wata."
Na ce, to, baƙon da ya shigo ta bututu
ba a yi masa sannu da zuwa?
Ya ɗage kafaɗa, ya mayar da waƙarsa kunne.

Bas nake tuƙawa, mai ƙaho biyu tana lasar wayar lantarki.
A tashar ƙarshe minti tara gare ni,
da wata tsohuwar bishiya bayan shagon taya.
Kurɓin farko na kofi ba nawa ba ne,
na Zemina ne, wadda kowa ke takawa
ba ta taɓa cewa wayyo ba.
Na zuba, dusar ƙanƙara ta huje, rami baƙi ƙarami.
Danguole mai share tasha ta jingina da tsintsiya:
"Da tsadar kofin nan, Jorune?"
Na ce ai bashi nake ragewa,
dankalin da na ci tun ina rarrafe wa ya biya?

Wata Laraba ƙahon ya zame daga waya a kan gada,
ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, fasinja na tsaki.
Na fita da safar hannu, na ja igiya,
ƙarfe ya taɓa ƙarfe, wuta ta tsarta shuɗi a kaina.
Na ce, ke ce har nan?
Wani dattijo a taga ya ɗauka da shi nake.

Daren nan sai sha biyu saura na hau bene,
takalmi cike da ruwa, ƙafafu kamar na aro.
Kicin duhu, ƙaurin ƙwai da ya ƙone,
kasko a jiƙe cikin wurin wanke-wanke.
Na kunna fitila.
Kwanon kakata yana gefen murhu, cike fal,
har ya ɗan zuba ta wajen tsagar.
A bakin kan gas kuwa, ga gishiri,
ya yi yawa, cokali guda zai kai,
hannun wanda bai saba ba.

Ƙofar ɗakinsa a rufe, haske na leƙowa ta ƙasa.
Na tsaya da tsumma a hannu, ban goge ba.
Da safe ya ci burodi kansa a sunkuye,
na tambaye shi jarrabawar lissafi,
ya ce da sauƙi.
Butar ta fara fito.