Ƙarƙashin Dogo

Wuta ta dawo Mabera bayan la'asar,
gidan kallo ya cika da zufa da gardama.
Yaron da ke murɗa tasha ya zarce wadda muke jira,
sai ga wani fili, ba kusurwa, kamar faifai,
da ƙwallo kamar ƙwan jimina da aka matse.
Wani ya ce Ostiraliya ce.
Yara suka ɗau ihu, a sauya, a sauya.
Na ce, don Allah ku ɗan dakata.

Alƙali ya cilla ta sama.
Wani dogo ya bi ta kamar mai son taɓo gajimare,
bai kama ba, bai riƙe ba,
tafi kawai ya sa, ya karkato ta.
Wani gajere da ido bai lissafa da shi ba
ya ɓullo ta tsakanin cinyoyin mutane,
ya tsince ta, ya ba wandonsa iska.

Na ce, ga Arzika.
Ga ni.

Filin makarantar Rijiyar Ɗorowa,
ragarmu duwatsu biyu ce da takalmin wani.
Malam Jabbi na raba gidaje da tsinken rake:
kai baya, kai gefe, kai tsare ƙofa.
Da ya iso kaina ya daɗe yana duban ƙafafuna.
Ya ce, "Labbo, kai ba ka da gida.
Inda duk tat tahi, nan ag gidanka."

Haka na zama balbela bayan saniya.
Ta yi gabas, ina gabas,
ta faɗa kwata, ni ne cikin kwata.
Arzika ya tashi ya sa goshi,
kafin ta sauka na san inda za ta sauka,
don wuyansa nake karantawa, ba ita ba.
In kwashe, in miƙa wa Modi,
Modi ya zura, a ɗauke shi a kafaɗa,
a zaga da shi har bakin titi.
Ni in zauna gindin dogon yaro
ina cire ƙarangiya ɗaya bayan ɗaya.
Ranar Sakkwato ta sha rabonta a bayana,
moɗa guda muke juyawa ni da Arzika,
ba wanda ya taɓa tambayar mu ko nawa muka ci.

Shekara talatin ke nan, ban sami gida ba.
Kabu-kabu nake ja,
daga Kwannawa zuwa Runjin Sambo,
inda hannu ya ɗagu, nan nake juyawa.
Matata ta ce ko a barci ƙafata na gudu.

Aka sauya tashar. Ban tsaya ba.
Na ta da babur, na ratsa ta Ƙofar Rini,
na same shi inda ya saba, bakin kasuwa,
gwiwoyi sun kumbura kamar tulu,
tsawon nan duk ya naɗe cikin kujera,
faranti a gabansa, goruba da aduwa.

Na ce, "Dogo, akwai ƙasar da aikinmu ke da suna.
Ana sa mutum musamman don ya taɓo,
ana sa wani don ya tsince,
jama'a na tafa musu, na gani da idona."

Ya ce, "Ana biyan su?"
Na ce, da alama.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Sai ya ɗauki goruba ɗaya, ya cilla sama,
daga zaune ya miƙa dogon hannun nan,
ya ɗan kaɗe ta hagu.

Ban yi tunani ba.
Na dai ji ta a tafina, da ɗuminta,
babur kuwa yana kwance a ƙasa,
tayarsa na juyawa.