Ƙofar da Ba Ta Yi Laifi Ba

Wuni guda muna jan gidan a bayan a-kori-kura,
daga Omaha har bakin kogin Niobrara,
gida mai taya, ɗaki ɗaya da rabi,
wanda Baba ya saya shekarar da ya bar aikin jirgin ƙasa.
Da muka ya da zango
ƙofar banɗaki ta ce ba ta san zancen ba.
A tura ta, ta dawo.
A danna ta, ta yi kuka.
Harshen makulli na lasar ƙarfe, ya ƙi faɗawa raminsa,
saura kaurin farce kawai.

Delmer Hruska, saba'in da huɗu a duniya,
ba ya kwana da bashin ƙofa.
Ya ɗora tabarau a karan hanci, ya durƙusa,
gwiwarsa ta yi ƙara, ƙofar ta amsa mata.

Sukurun sama yana ta juyi a banza,
ramin ya yi masa yawa,
katakon kuwa ba kauri, kamar biskit.
Ya karya ashana huɗu, ya tsoma a gam, ya cusa,
muka sha shayi har ya bushe.
Ya ɗaure. Ta ƙi.
Ya yanko kwalin shayin ya saƙala bayan hinjin ƙasa.
Ta ƙi.
Lorna, ba ni jan-bakinki, in ji shi,
ya shafa wa harshen makulli, ya rufe, ya buɗe,
ya ga inda jan ya sumbaci ƙarfe,
ya goge wurin har gumi ya jiƙa masa wuya.

La'asar sakaliya ya cire ƙyauren ɗungurungum,
ya kwantar da shi kan teburin waje kamar majinyaci,
ya shiga kankare gefen sama.
Ɓawon katako na zuba cikin ciyawa, a nannaɗe,
iska na kwasa zuwa kogi.
Na ce, Baba, kar garin gyaran gira a rasa ido.
Bai ɗago ba.

Ya mayar. Ta rufe da ƙyar, ta sake buɗe kanta,
a hankali, kamar mai leƙen baƙi.

Ni kuwa ina ɓare lemu a gaban murhu,
ɗaya ya suɓuce.
Ba wanda ya taɓa shi.
Ya gangara, ya wuce ƙafar Baba, ya wuce ƙofar,
ya bi bango har ƙarƙashin gado, can hagu,
ya yi zamansa.

Muka dubi lemun. Muka dubi juna.

Ashe ba a nan gizo ke saƙa ba.
A waje tayar hagu ta nutse cikin rairayi,
ruwan daren jiya ya tausasa wurin,
gidan duka ne ya karkata,
ƙofar ita kaɗai ke tsaye a kan gaskiyarta.
Jak, katako biyu, minti goma.
Ya shiga ya tura da ɗan yatsa.
Ƙyas.

Bai yi dariya ba sai da ya wanke hannu.

Yanzu akwai rata a sama, faɗin yatsa,
inda ya kankare abin da bai yi masa komai ba.
Sau uku yake tashi a dare, shekaru sun sa.
Daga gadona nakan ga layin haske ya fito ta ratar,
ya kwanta a silin, siriri,
in ji ruwa, in ji tari,
in ƙirga har hasken ya mutu,
har takunsa ya koma gado lafiya,
sannan in rufe ido.

Ya ce gobe zai yanko siririn katako ya toshe.
Gam ɗin yana cikin takalmina,
ƙarƙashin safa.
Tun safe yake nema.