Daren Sha Huɗu a Rayfield

An ɗauke wuta, na fito kwashe shanya,
sai na hangi Kachollom kan falalen dutse
bayan tsohon ramin kuza.

Ta kewaye kanta da gishiri.
Kyandir huɗu, kowace kusurwa ɗaya.
Na arewa iska ta hure shi sau uku,
sau uku tana ƙyasta ashana, ko tsaki babu.

Ƙwarya cike da ruwa a gabanta,
wata ya sauko ya zauna ciki
kamar dunƙulen fura.
Ta ɗaga hannuwa tana magana ƙasa-ƙasa.
Sunan mahaifiyarta kaɗai na tsinta,
wadda aka binne da damina.

Na yi a'uziyya a zuci,
amma ƙafata ta ƙi komawa ɗaki.
Sanyi na cizon kunnena,
zanen gado a kafaɗa, ya sha raɓa.

Da ta gama ta share gishirin da tafin hannu,
ta juye ruwan a gindin gwaiba.
Wata ya koma inda ya fito.

Da safe muka haɗu bakin famfo.
"Kin tashi lafiya?"
"Lafiya lau."
Akwai sauran kakin kyandir a farcenta.
Ban tambaya ba.
Na dai bar ta ta riga ni tara bokiti.