Gwiwar Tela a Wikki

Shekara talatin ina taka keken ɗinki a Wunti,
gwiwa ta koyi kukan tsohuwar ƙofa.
Man zafi ya ƙare, kwalba bayan kwalba.

Sai Tanimu, ɗan ƙanwata, ya ce, "Kawu, shiga mota."
Muka karya kwana a Dindima.

Na sauka matakala ina cije leɓe.
Ruwan na fitowa daga gindin dutse, garau,
ina ganin yashi, ina ganin farcen ƙafata.
Na tsoma. Ba ƙuna, ba sanyi,
ɗumin bayan uwa ga ɗan goye.

Na zauna har wuya.
Kafaɗun da suka haye kunne tun bara
suka sauko da kansu.
Na manta da Hajiya Ladidi da atamfarta
mai jiran almakashi.

Gwaggon biri ya tsere da burodinmu,
na yi dariya har na shaƙi ruwa.

Ban ce na warke ba.
Amma daren nan ban juya ba sai kiran assalatu,
na kai goshi ƙasa,
gwiwa ba ta ce uffan ba.