Saboda Asabar

Na baro Damagaram da bakuna biyu,
Hausar Inna da Faransancin lakwal,
na zo Ikko neman na uku.
Yaya Laminu ne ya biya kuɗin.
Shagonsa na Malabo na son mai jin yaren gari,
ya gaji da ciniki da yatsu.

Ajinmu bene ne a Yaba,
saman mai gyaran janareto.
In ya tayar da ɗaya a ƙasa
sai Malama Nchama ta ɗaga murya,
mu bi ta da ihu kamar masu kiran awaki.

Ranar farko ta bugi teburi ta ce mesa.
Na ɗage ƙafafuna sama.
Morenike kaɗai ta yi dariya,
haifaffiyar Jos ce, ta san abin da na hango.
Gado kuma cama ne, ban musa ba,
kullum bayan azahar sai ya kama ni.
Gobe sunanta mañana.
Duk sanda na faɗa sai in ji ina kiran manyana,
su ko suna can nesa,
sun bar ni ni da goben.

Da aka ce Asabar ita ce sábado
na ce, to, saboda me?
Morenike ta ce, saboda yawo mana.

Muka fara da Epe.
Na ga kifin da ya kai tsayin ƙanena,
na buɗe baki zan taya
sai lissafin Malama ya riga na Inna fitowa.
Mai kifin ta riƙe ƙugu ta dube ni,
ta ƙara ɗari biyar, kuɗin iyayi.

Wata Asabar muka hau kwalekwale mai inji.
Ni da na san ruwa a tulu,
na san shi a jarka bayan jaki,
ga shi yau ba gaɓa, ba mai shi, ba layi.
Na ajiye littafina a rairayi in taɓa da ƙafa,
igiya ta zo ba sallama
ta tafi da darasin mako shida.
Har yanzu teku ya fi ni sanin aikatau.

Badagry ce ban so faɗi ba.
Awa huɗu a danfo, gwiwa a haƙarƙarin wani,
kwandasta na lilo a ƙofa.
Muka sha ruwan kwakwa, muka ɗau hoto,
sannan muka taka siririyar hanyar nan ta yashi
wadda aka bi da bayi zuwa bakin ruwa.
Na tuna Malama ta ce wasunsu
can aka sauke su inda ake wannan yaren.
Ba allo, ba bene, ba yayan da ya biya,
a bakin bulala suka koye shi.
Na tsaya da bakuna uku,
ba wanda ya iya cewa komai.
Morenike ta cire takalmanta ta riƙe a hannu.
Haka muka dawo, ba wadda ta nemi tsire.

Daren Lahadi na wankin hijabi ne
da ƙirga abin da ya rage,
in mai da naira sefa a kaina, in ji ciwo sau biyu.
An ɗauke wuta. Sauro na bitar nasa darasin.
Sai ga wayar Inna:
me aka koya miki a makon nan?
Na ce, gida, Inna. Su casa suke cewa.
Ta yi jim.
Ta ce, ƙasa?
Ashe kuɗin Laminu a banza ya tafi,
ai wannan da ita kika bar nan.