Ƙulli Bakwai

Baba Nomau bai fara da ruwa ba.
A tsakar gida ya ɗaure mini ido da tsohon hiraminsa,
ya damƙa mini igiyar rama mai ƙulli bakwai,
ya ce, "Bi ta har gindin rumbu.
In ka sake ta, ka mutu."
Sau huɗu na mutu kafin azahar,
kaji na kallo, Tabawa na tuntsira dariya a bakin murhu.

"A ƙasan Tiga ido baƙo ne," in ji shi,
"hannu ne ɗan gari.
Kowane ƙulli na bar masa jela,
jelar tana nuna gida.
Kuma kada ka yi harbin jaki da ƙafa.
Laka barci take, yaro,
mai tashin ta shi ke kwana a ɗakinta."

Ran da tarun Ilu ya maƙale
a kogon da ruwa ya haɗiye bayan Rurum,
ni aka duba.
Na cika ƙirji, na yi bisimilla, na nutse.
Ruwan sama kore shar, na tsakiya kalar shayi.
A ƙulli na biyar dutse ya buɗe baki, na shiga.

Wata tarwaɗa ce, ba aljani ba.
Ta zabura, ta kaɗa jela sau ɗaya tak,
laka ta farka.
Tocilan goshina ta koma
kamar fitilar da aka tsoma a tukunyar kunu.
Sama da ƙasa suka yi musayar riga.
Na buɗe tafin hannu:
wayam.

Ƙirji ya ce, buɗe baki.
Ƙafa ta ce, gudu.
Can ƙasan kunne muryar tsoho ta ce,
wanda ya ɓata, tsayawa yake.

Na tsaya.
Na dafa dutse da hagu,
na saki ɗan kumfa, na ji ya bi kumatuna ya haye kunne:
to, can ne sama.
Dama na aika lalube, sannu,
kamar tsohuwa mai neman allura a tabarma.
Saiwa.
Zaren taru, mai santsi, mai yaudara.
Saiwa kuma.
Sai kaushin rama.

Ban ja ba. Na nemi jelar ƙulli tukuna.
Huɗu.
Uku.
A na biyu kaina ya fara kiɗan ganga.
Na ɗaya ban tuna shi ba.

Baba Nomau bai rungume ni ba.
Ya jawo ni cikin kwalekwale ta wuyan wando,
ya juya tafina, ya ga inda igiya ta ci nama.
"Tarun fa?"
Na ce yana can.
"Madalla. Taru ana saƙa wani."

Har yau in fitila ta mutu da dare
nakan bi katanga da yatsu, leɓe na motsi.
Inna ta ce me nake ƙirgawa.
Na ce ba komai, Inna,
saura biyu in kai ƙofa.